Al-Izariyya: Garin Bakin Hanya Da Aka Yanke Wa Hanya

Duk wanda ya tsaya a harabar Masallacin Ƙudus ya fuskanci gabas, abin da zai tare masa ido shi ne Dutsen Zaitun. A bayan dutsen nan, kan gangarensa na kudu maso gabas, akwai wani garin Falasɗinawa na Gaɓar Yamma da Kogin Jodan da ake kira Al-Izariyya. Tsakaninsa da ganuwar tsohon birni kilomita 3 ne ko ƙasa da haka, tafiyar da a da mai ƙafa ke gamawa kafin awa ta cika. Kiristoci sun fi saninsa da Betanya. A tsakiyar shekarun 1940 ƙauye ne mai mutum dubu ɗaya da 'yan kai; ƙidayar da hukumar Falasɗinawa ta yi a 2017 ta samu sama da mutum dubu 21 a cikinsa.

Wanda yake son gane wannan gari, da unguwanninsa da wuraren ibadar da ke kewaye da shi, to ya fara da hanya. Daga Ƙudus, mai tudun kusan mita 800 sama da teku, tsohuwar hanya takan zagaya Dutsen Zaitun ta gangara zuwa Ariha (Yariko), wadda ke kusan mita 250 ƙasa da teku. Al-Izariyya ita ce wurin zama na ƙarshe kafin a faɗa hamada, kuma ita ce ta farko da mai hawowa zai tarar bayan ya sha rana da ƙishirwa. Matsayinta dai na zangon fatake ne: ruwa, inuwa, wurin kwana, wurin addu'a. Kusan duk wani abin tarihi da ke yankin a kan layin nan yake jere, kuma kusan duk wata matsalar da garin ke ciki a yau daga abin da aka yi wa layin nan ta taso.

Cibiyar tsohon gari wani kogo ne da aka sassaƙa cikin dutse. A sura ta 11 ta Bisharar Yohanna an ba da labarin Li'azaru, ɗan'uwan Marta da Maryamu, wanda ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya kira shi ya fito. Tun ƙarni na 4 Kiristoci ke nuna wannan kogo a matsayin wurin da abin ya faru, kuma daga sunan Li'azarun ne garin ya samo sunansa na Larabci. Musulmi ma ba baƙin labarin ba ne. Alƙur'ani, a Suratu Ali Imrana da Suratul Ma'ida, ya tabbatar da cewa Annabi Isa (AS) yana rayar da matattu da izinin Allah, kuma wasu littattafan tafsiri sun kawo sunan Azar cikin waɗanda ya rayar.

Sai dai masallacin da ke bisa kogon ba da sunan Azar ake kiransa ba, Masallacin Uzairu ake ce masa. Nan ne zaren ya fara harɗewa. Wasu mutanen yankin sun danganta wurin da Uzairu wanda aka ambata a Suratut Tauba, wanda kuma da yawan masu tafsiri suka ce shi ne mutumin aya ta 259 ta Suratul Baƙara, wanda ya wuce ta wata alƙarya da ta zama kufai, Allah Ya kashe shi shekara ɗari sannan Ya tashe shi, ya ga yadda aka mayar wa jakinsa nama da ƙashi. Tunda alƙaryar da ake cewa ya gani Ƙudus ce, kuma daga ƙolin Dutsen Zaitun ana hangenta, ba wuya a gane yadda labaran biyu na mutuwa da tashi suka taru a wuri guda. Alƙalin Ƙudus Mujiruddin Al-Hanbali, wanda ya rubuta tarihin birnin a ƙarshen ƙarni na 15, ya kawo wani ƙaulin daban, cewa mai kabarin ɗan Annabi Haruna ne. A kudancin Iraƙi kuma, a bakin kogin Dijla, akwai wani gari mai suna Al-Uzair da shi ma ke cewa kabarin Uzairu a wurinsa yake.

Ta ɓangaren Kiristocin Otodoks ma, ba su ce gawar Li'azaru tana Betanya ba. A al'adarsu, bayan tashinsa ya yi ƙaura zuwa tsibirin Kubrus, ya zama bishop, ya mutu a can, kuma akwai coci a birnin Larnaka da aka gina a kan kabarinsa na biyu. Ke nan ana ziyartar kogon Al-Izariyya ne saboda wanda ya fita daga ciki. Sanannen abu ne a wurin malamai cewa in ban da kabarin Manzon Allah (SAW) a Madina, da na Annabi Ibrahim (AS) a Al-Khalil a ra'ayin mafi yawa, babu wani kabarin annabi da aka tabbatar da wurinsa. A ganina hakan bai rage wa wurin daraja ta fuskar tarihi ba. Shekara 1,600 da ɗoriya mutane na zuwa wuri ɗaya suna addu'a, wannan kansa tarihi ne, ko wane ne a ciki, ko ma babu kowa.

Gine-ginen da ke wurin hawa-hawa suke, kowane zamani ya ɗora nasa kan na baya. Wata mata mai ziyarar ibada, Egeriya, ta bayyana taron da ake yi a nan a wajejen shekarar 384, ranar Asabar kafin makon Ista, ta ce jama'a kan cika har gonakin da ke kewaye. Cocin farko girgizar ƙasa ta rushe shi, aka gina na biyu. A zamanin 'yan Salibiyya, Sarauniya Melisenda ta Ƙudus ta kafa gidan mata masu zuhudu a wajejen 1143, ƙanwarta ta zama shugabarsa, aka yi masa hasumiyar tsaro wadda guntunta ke tsaye har yanzu. Da Salahuddin Al-Ayyubi ya karɓi Ƙudus a 1187 matan suka watse, gine-ginen suka lalace a hankali. Kafin ƙarshen ƙarni na 14 an riga an yi masallaci a wurin, sannan a ƙarni na 16, zamanin Usmaniyyar Turkiyya, aka gina wanda ake salla a cikinsa yau.

Ginin masallacin ya rufe asalin ƙofar kogon. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin wurin. Ba a rushe masallaci ba, ba a kuma hana Kiristoci ziyara ba. Limaman Faransiskan na Katolika sun nemi izinin hukuma, suka fasa wata sabuwar ƙofa ta gefen titi a rabin ƙarshe na ƙarni na 16. Ta nan ake shiga har gobe. Ƙofa ce ƙarama a jikin bango, mutum ya sunkuya, ya fara sauka kan matakala 24 marasa daidaito, waɗanda ƙafafu suka goge har suka yi santsi. A ƙasa akwai ɗan ɗaki, a bangonsa ana ganin alamar tsohuwar ƙofar da aka toshe da duwatsu, wadda da a buɗe take da cikin masallaci za ta kai ka. Daga nan sai wani rami a ƙasa mai 'yan matakala, wanda sai an durƙusa sosai ake wucewa, a shiga ɗakin kabarin da bai wuce taku uku ba kowane gefe. Mai jiki sai ya yi da gaske.

A hagu da dama na masallacin akwai coci biyu. Na Katolika, wanda magini ɗan Italiya Antonio Barluzzi ya zana, an gina shi a farkon shekarun 1950 bayan an yi tonon kayan tarihi a filin. Da gangan aka yi bangonsa ba taga, hasken yana saukowa ne daga ƙubba, don mai shiga ya ji kamar a hubbare yake. A farfajiyarsa akwai ragowar daɓen ado na cocin farko da tsohuwar matsar man zaitun. Na Girkawa 'yan Otodoks kuwa an gina shi a 1965. Don haka cikin 'yan taku kaɗan ga hasumiyar masallaci, ga ƙararrawa biyu, a garin da kusan duk mazaunansa Musulmi ne. Akwai kuma makarantar 'yan mata da sistocin cocin Rasha ke gudanarwa tun shekarun 1930, wadda yawancin ɗalibanta 'ya'yan Musulmin garin ne.

Idan aka bar tsohon gari aka bi gangare zuwa gabas, za a iske idon ruwan da ake kira Ainul Haud, wanda Kiristoci ke ce wa maɓuɓɓugar manzanni, domin duk mai bin hanyar a da dole ya sha a nan. Gaba kuma, a yankin Khan Al-Ahmar, akwai tsohon masaukin matafiya da ake dangantawa da misalin Basamariye mai tausayi na cikin Linjila. Can ƙasa, dab da Ariha, ga Maƙamin Annabi Musa, wato hubbaren da ake dangantawa da shi, mai fararen ƙubbobi a tsakiyar hamada, wanda Sarki Baibars na Mamluk ya gina a 1269. Hadisi ingantacce ya ce kabarin Annabi Musa (AS) yana gefen hanya kusa da jan tudun rairayi, amma bai faɗi wace hanya ba, kuma Attaura ta ce a tsallaken Kogin Jodan aka binne shi. Duk da haka wannan maƙami ya zama wurin taron shekara mafi girma na Musulmin Falasɗinu. A da ayari kan fito daga Ƙudus da tutoci da ganguna, mutanen Nablus da na Al-Khalil su zo da nasu, a gangara ta wannan tsohuwar hanya a yi mako ana zikiri da ciniki da ciyar da baƙi. A lokacin bikin 1920 ne rikici ya ɓarke a Ƙudus tsakanin Larabawa da Yahudawa, daga nan hukumomi suka sa wa taron ido.

Ta yamma kuwa, hawan ɗan tudu kaɗan ne daga kogon zuwa Baitafaji, inda ake fara jerin gwanon Lahadin ganyen dabino. Sama da nan unguwar Ɗur ce, a ƙolin Dutsen Zaitun. A can akwai ƙubbar da Kiristoci ke cewa daga nan Yesu ya hau sama, wadda ke hannun hukumar waƙafin Musulunci tun zamanin Salahuddin, ana kuma barin Kiristoci su yi bikinsu a ciki duk shekara. Kusa da ita akwai wani kogo da Musulmi ke kira maƙamin Rabi'atul Adawiyya, Kiristoci su ce na wata waliyyiya Pelajiya ne, Yahudawa su ce na annabiya Hulda ne. Irin na Al-Izariyya ke nan, ba wani abin mamaki ba ne a wannan ƙasa. A kan dutsen ne kuma manyan asibitocin Falasɗinawa biyu suke, Al-Maƙasid da Augusta Victoria, inda mutanen Al-Izariyya ke kai mai naƙuda cikin 'yan mintuna a da.

"A da" na ce, domin yanzu tsakanin garin da duk waɗannan wurare na yamma akwai katanga. Bayan yaƙin 1967 Isra'ila ta ja sabuwar iyakar birnin Ƙudus, ta haɗa Ɗur da Ras Al-Amud a ciki, ta bar Al-Izariyya da maƙwabciyarta Abu Dis a waje. Shekaru da yawa wannan iyaka a takarda kawai take, mutane na kaiwa da komowa. A farkon shekarun 1990 aka fara neman takardar izini, wadda suke kira tasrihi, kafin mutumin Gaɓar Yamma ya shiga Ƙudus. Daga 2002, a tsakiyar boren Intifada na biyu, aka fara gina katanga. Isra'ila ta ce don ta tsayar da 'yan ƙunar baƙin wake ne. Kotun Duniya da ke Hague, a ra'ayin da ta bayar a watan Yulin 2004, ta ce gina ta a cikin yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. A wannan yanki katangar kankare ce mai tsawon mita 8.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne mahaɗar Ras Kubsa, tsakanin Al-Izariyya da Abu Dis. Nan ne tsohuwar hanyar Ƙudus zuwa Ariha ta ratsa, nan ne kasuwa ta fi ci. Yau titin yana tafiya ne ya daki kankare ya tsaya. A ɗaya gefen, unguwar Shayyah, titin ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Gidan sistocin Komboni ya faɗa ɓangaren Ƙudus, yaran da ke zuwa makarantar renonsu suka faɗa wancan ɓangaren. Mai takardar izini sai ya je shingen bincike na Zaituna ya bi layi ya wuce a ƙafa ta ƙofofin ƙarfe masu juyawa. Mai mota da lambar Isra'ila, ruwan ɗorawa, sai ya yi gabas tukuna, ya zagayo ta babban titi ya shiga Ƙudus ta shingen Za'ayyim. Motocin masu ziyarar ibada, har da na Kiristocin Najeriya da ke zuwa ayari-ayari, ta wannan zagayen suke shigowa. Sukan tsaya ɗan lokaci, a leƙa coci, a sauka kogo, a koma mota. Kamfanoni da yawa ma sun cire Betanya daga jerin wuraren da suke kai mutane, masu shagunan tsaraba na ƙofar kogon su suka fi kowa sanin haka.

Katangar ta kuma tace mutanen unguwanni. Falasɗinawan Ƙudus suna riƙe da katin shaida mai shuɗin bango, na Gaɓar Yamma kore. Mai shuɗin kati ba ɗan ƙasa ba ne a dokar Isra'ila, mazaunin dindindin ne, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 ana iya ƙwace masa wannan matsayi idan ya kasa nuna cewa a cikin birnin rayuwarsa take. Kafin katanga, iyalai da yawa daga Ƙudus sun gina ko sun kama haya a Al-Izariyya saboda araha da sarari. Da kankare ya tashi, da dama suka rufe gidajensu suka koma cunkuson cikin birni, gudun kada kati ya salwanta. Gida ɗaya sai ka tarar miji da koren kati, mata da shuɗi, kowane yaro da nasa lissafin. A Sawahira ta Gabas, kudu da Abu Dis, maƙabartar kakanni tana Jabal Al-Mukabbir a bayan katanga, sai an nemi izini kafin a kai gawa, kuma ba kowane ɗan'uwa ake bari ya raka ba.

Abu Dis tana da babban harabar Jami'ar Al-Ƙudus, ɗalibanta su ke raya gidajen haya da wuraren cin abinci na garuruwan biyu. Tana kuma da ginin majalisar dokokin Falasɗinu da aka fara a 1996 ba a gama ba, yana nan kango. Shirin Donald Trump na Janairun 2020 ya ambaci Abu Dis cikin wuraren da za a ba Falasɗinawa su kira babban birni, su kuwa suka ce Abu Dis ba Ƙudus ba ce.

To amma kada a ɗauka garin ya mutu. Babban titinsa ya fi kowane lokaci cunkoso, dalili kuwa shi ne hanyar ta juya. Da daga yamma zuwa gabas take tafiya. Tunda aka hana motocin Gaɓar Yamma ratsa Ƙudus, duk wanda ya taso daga Ramallah ko Nablus zai je Baitalami ko Al-Khalil dole ya bi ta Al-Izariyya, ya wuce Sawahira, ya tsaya a shingen da ake kira Kontena, sannan ya gangara kwarin Wadin Nar mai miyagun kwanoni. Idan sojoji suka rufe Kontena, kudu da arewacin Gaɓar Yamma sun rabu ke nan har sai an buɗe. Wannan zirga-zirga ita ta cika titin da gareji, shagunan kayan gini, masu kayan ɗaki da motocin haya masu ruwan ɗorawa. A ƙofar gari ta gabas, wajen Al-Mashtal, har da allunan Ibrananci a kan shaguna, don mazauna Ma'ale Adumim kan shigo gyaran mota da sayayya saboda sauƙin farashi.

Ma'ale Adumim matsugunin Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna ne da aka kafa a 1975, ya zama birni a 1991, yanzu mutanensa sun kusa dubu 40, kuma wani ɓangare na filin da yake kai na mutanen Al-Izariyya da Abu Dis ne. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 ta sa cikin garin a yankin B, inda hukumar Falasɗinawa ke kula da harkokin jama'a, Isra'ila na riƙe da tsaro. Amma kusan kashi 87 cikin 100 na filayen garin suna yankin C, inda ba a aza bulo sai da izinin Isra'ila, izinin da da wuya ake samu. Shi ya sa garin ke girma sama maimakon gefe, benaye a manne da juna, lunguna ba wurin ajiye mota.

Waɗanda suka fi kowa shan wuya makiyaya ne 'yan ƙabilar Jahalin. Asalinsu daga yankin Tel Arad ne a hamadar Naƙab, aka kore su a farkon shekarun 1950, suka zauna a tuddan gabashin Ƙudus da awaki da tumakinsu. A 1997 da 1998 aka kwashe wasu iyalansu don faɗaɗa Ma'ale Adumim, aka zube su a wani wuri da ake kira Al-Jabal, dab da jujin da ake zubar da sharar Ƙudus a lokacin. Wasu suna Jabal Al-Baba, tudun da ke gefen Al-Izariyya, wanda ya samu sunansa saboda filin da Sarki Husaini na Jodan ya bai wa fadar Paparoma lokacin ziyarar Paparoma Paul na 6 a 1964. Wasu suna Khan Al-Ahmar, inda aka gina makaranta da tayoyin mota da laka a 2009 don ba a yarda su yi ginin siminti ba. A 2018 kotun ƙolin Isra'ila ta amince a rushe ƙauyen, matsin lambar ƙasashen waje ya sa aka yi ta ɗagawa.

Duk waɗannan tuddai suna cikin ko gefen filin da ake kira E1, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 12 tsakanin Ƙudus da Ma'ale Adumim. Tun shekarun 1990 ake da shirin gina shi, gwamnatocin Amurka da na Turai suna takawa Isra'ila birki, domin gina shi zai raba Gabashin Ƙudus da sauran Gaɓar Yamma, ya kuma matse mashigar da ke haɗa kudu da arewa. A watan Agustan 2025 aka ba da amincewar ƙarshe ga gidaje kusan 3,400 a wurin, ministan kuɗin Isra'ila Bezalel Smotrich ya fito fili ya ce manufar ita ce binne batun kafa ƙasar Falasɗinu. Tare da shirin akwai wata sabuwar hanya ta Falasɗinawa zalla, daga Al-Izariyya zuwa Za'ayyim, wadda za ta ɗauke motocinsu daga babban titin da suke haɗuwa da na 'yan kama-wuri-zauna. Idan aka gama ta, za a iya rufe ƙofar gari ta gabas, wadda ita ce ke kai mutum Ainul Haud, Khan Al-Ahmar, Maƙamin Annabi Musa da Ariha kai tsaye, ita ce kuma motocin masu ziyara ke bi su iso kogon tun da aka toshe Ras Kubsa.